Jitar atisayen kullum: ta nailan, ta ƙarfe ko ta lantarki?

Duk wanda ya zo mini da maganar sayen jita, abin da nake fara tambayarsa shi ne me zai riƙa yi da ita idan ya zauna bayan la'asar. In raka waƙa ne kawai da kod (sautuka da yawa da ake kaɗawa tare) uku ko huɗu, kusan kowace jita mai lafiya ta wadatar. Amma in niyyarka ka zauna kullum kana hawa da sauka a kan sikel, wato tsanin sautuka, har ka kai ga mod guda bakwai (sikel ɗaya ne ake sauya sautin da ya zama gidansa), to zaɓin ya ragu. Mai wannan aiki yatsunsa suna yawo ne daga farkon wuyan jita har ƙarshensa, rabin awa ko fiye, kowace rana ta Allah. Jitar da ke wahalar da hannu ba ta wuce mako uku kafin a jingine ta bayan ƙofa.

Mu fara da ta nailan, wadda ake kira kilasikal, irin su Yamaha C40. Tsirkiyoyinta suna da taushi, jan da suke yi wa wuya gaba ɗaya bai wuce kilo 40 ba, shi ya sa ba ta yanka kan yatsa. Wannan ne ke jan hankalin iyaye, kuma ga yaro ɗan shekara tara ko goma ba ni da ja, musamman in aka samo masa ƙaramar. Ga babba mai son mod kuwa, tana da cikas biyu. Wuyanta faɗi gare shi, milimita 52 a sama, sai hannu ya buɗe sosai. Sannan wuyan yana haɗuwa da jiki a gaɓa ta 12 (gaɓa nake kiran tazarar da ke tsakanin ƙarafunan nan da aka kwantar a wuya), don haka duk abin da ke gaba da nan sai ka yi ta miƙa hannu ta saman akwatin. Jan tsirkiya sama don sauti ya lanƙwasa, wanda shi ne gishirin sikel mai sauti biyar, da ƙyar yake fita a nailan. Kuma don Allah kada wani ya ruɗe ka ka ɗaura mata tsirkiyar ƙarfe. Yawancin jitocin nailan ba su da sandar ƙarfen da ke cikin wuya, jan zai bankare wuyan ko ya ɓalle gadar da ke riƙe da tsirkiyoyin.

Ta ƙarfe marar wuta, irin Yamaha F310, tana da yawa a hannun mutane a garin nan na Kaduna, daga mawaƙan coci na Sabon Tasha da Barnawa har samarin da ke haɗa waƙa a ɗakunan ɗaukar sauti. Dalili a fili yake: ba ruwanta da wuta, tana da murya, kana iya fita da ita tsakar gida. Wuyanta siriri ne, milimita 43, yana kuma shiga jiki a gaɓa ta 14. Matsalarta nauyin tsirkiya. Saitin da aka saba ɗaura mata, mai lamba 12 (lambar kaurin tsirkiya ke nan), yana jan wajen kilo 70. Makonni biyun farko kan yatsu zai yi zafi kafin kanta ta fito. Ana rage wannan da sauya tsirkiya zuwa lamba 10 ko 11, murya ta ɗan ragu amma hannu ya huta, kuma ga mai atisayen sikel wannan ciniki ne mai riba.

Ni dai in kuɗi ya kai, ta lantarki nake zaɓa wa mai wannan buri, ba na ɓoyewa. Yamaha Pacifica tana da gaɓa 22, Squier ɗin da kamfanin Fender ke yi a samfurin Stratocaster yawanci 21, kuma an yanke jikinsu ta yadda hannu zai isa can ƙarshe babu kokawa. Tsirkiya lamba 9 ko 10 taɓawa kaɗan take so. Wanda kiɗan jitar Abzinawan Agadez ya ja shi zuwa wannan harka, wannan sautin yake nema, kuma yawancinsa a kan sikel mai sauti biyar aka gina shi, wanda kunnen da ya tashi da garaya da gurmi ba baƙonsa ba ne.

Za ka ce, to wuta fa? Gaskiya ne, sai dai abin bai kai yadda ake tsoro ba. Jitar lantarki ko ba a jona ta ba kana jin ta a ɗaki shiru, har ma wannan alheri ne ga mai zaman gidan haya a Tudun Wada ko Rigasa, inda bango ɗaya ya raba ka da maƙwabci mai jariri. Akwai kuma ƙananan amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, da ake soka wa jitar kai tsaye a sa abin kunne: Vox amPlug yana aiki da ƙananan batura biyu, Fender Mustang Micro kuma caji ake yi masa kamar waya. Kada ka kashe kuɗinka kan babbar amfilifaya tun yanzu. Abin da ya kamata ka lissafa shi ne ta lantarki ba ita kaɗai ake saya ba, akwai wayar jonawa da abin jin sauti, don haka jimillarta takan ɗara ta sauran biyun.

Akwai wani abin da masu ba da shawara daga Turai da Amurka ba su cika sa shi a lissafi ba, wato hunturun Kaduna. Katakon jita ya fi son danshin iska tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskarmu takan bushe ƙasa da rabin haka. Katako ya tsuke, bakin ƙarafunan gaɓa su fito suna kartar hannu, fuskar akwati ta tsage. Jitata ta biyu haka ta tsage daga gada zuwa gindi a wata Janairu, har yau ina jin zafin abin. A nan mai araha ta fi mai tsada juriya: fuskar da aka yi da katako mai ninki-ninki, kamar ta C40 da F310, ta fi jure bushewa a kan ta katako falle ɗaya da ake yabo saboda daɗin murya. Ta lantarki kuwa jikinta curi ne, ba ta da siririyar fuskar da za ta tsage, sai dai wuyan ya ɗan motsa a daidaita shi. Ko wacce ka saya, haɗa da jaka. Da hunturu ka jiƙa soso ka matse shi sosai, ka sa a gidan sabulu mai huji, ka ajiye cikin jakar. Da damina kuma tsatsa ce abokiyar gaba, goge tsirkiya da ƙyalle duk ka gama.

Sabuwa ko ta hannu? Ta hannu mai suna ta fi sabuwa marar asali, araha ba ta ado. Amma gani ya kori ji: kada ka tura kuɗi kan hoton da ka gani a Facebook ko Jiji, ko kan alƙawarin za a ɗoro maka daga kasuwar Alaba ta Legas, sai in akwai wanda ya san jita zai duba maka a can. In ka je da kanka, ɗaga ta ka hango wuyan daga kai zuwa jiki kamar mai duba katako wurin kafinta, kada ya zama ya murɗe. Duba tazarar tsirkiya da ƙarfen gaɓa ta 12. A ta lantarki kada ta wuce milimita 2 da yawa, a ta ƙarfe ƙasa da 3, ta nailan tana kaiwa 4. Sai ka danna kowace gaɓa ɗaya bayan ɗaya, tsirkiya shida duka, kana sauraron zizar ƙarfe ko sautin da ya mutu. Mai kaya zai ƙosa, bar shi ya ƙosa. Na ƙarshe, kuma shi ya fi muhimmanci ga mai koyon sikel: saita tsirkiya a buɗe da manhajar saiti a wayarka, sannan ka danna gaɓa ta 12, dole ta ba ka harafi ɗaya da na buɗen. In ta kauce sosai, kunnenka ƙarya zai riƙa haddacewa kullum. A ta lantarki ana gyara wannan da sukurdireba a kan gada, a sauran biyun aikin gwani ne.

Me ya sa nake nanata kunne? Domin mod ba zanen yatsu ba ne. Ɗauki sikel ɗin C babba: C, D, E, F, G, A, B. Sautukan nan bakwai in ka mai da D gida sun zama Doriyan, E Firijiyan, F Lidiyan, G Miksolidiyan, A Eyoliyan, B Lokiriyan, shi kuma C ɗin Ayoniyan. Da yawa suna haddace wannan jeri amma in sun kaɗa duk ɗaya kake ji, saboda ba su kafa gidan a kunne ba. Maganin yana jikin jitar. Kaɗa tsirkiyar A a buɗe ka bar ta tana amo, sai ka bi mod ɗin a kan tsirkiyar D, kana mai da A gida. Nan za ka ji bambancin: Doriyan ya rabu da Eyoliyan da sauti na shida kawai, an ɗaga shi gaɓa ɗaya, Firijiyan ya sauke na biyun Eyoliyan, Lidiyan ya ɗaga na huɗun Ayoniyan, Miksolidiyan ya sauke na bakwan Ayoniyan. Jitar da amonta ke daɗewa ta fi dacewa da wannan, nan ma ta lantarki ce gaba, ta ƙarfe na bin ta, ta nailan ta fi saurin yin shiru.

Rabin awar da nake ba masu koyo a hannuna ba ta da wani sirri. Minti biyar na ɗumama yatsu, yatsa ɗaya gaɓa ɗaya. Minti goma a kan sikel guda, da metironom (na'urar da ke ƙirga maka bugu) a bugu 60 a minti, ba a ƙara gudu sai an yi sau uku a jere babu tuntuɓe. Minti goma a kan mod ɗaya da tsirkiyar amo, mod ɗaya tak har mako ya zagayo. Sauran biyar ɗin ka kaɗa abin da ranka ke so da sautukan da ka koya. Sannu ba ta hana zuwa. Fara da sikel mai sauti biyar na A ƙarami a gaɓa ta 5, sannan babban sikel, mod su biyo baya.

Metironom da na'urar saiti ba sai ka saya ba, wayarka tana yi kyauta, sai dai ƙaramar na'urar da ake maƙala wa kan jita ta fi waya a wuri mai hayaniya, don girgizar katako take ji ba iska ba. Darussan YouTube suna da amfani amma ba sa ganin babban yatsanka. In ka ware kuɗin jita, rage wani abu na zama uku ko huɗu da malami ya gyara maka riƙo, da saitin tsirkiya ɗaya na ajiya, don siririyar tsirkiyar E ita ce ta fi saurin tsinkewa.