Littafin Turancin 'Yan Sakandaren Sin a Ajina na Agege

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana sayar da kayan lantarki a kasuwar Alaba, kuma yakan je birnin Guangzhou na ƙasar Sin sarin kaya. Da ya dawo daga tafiyarsa ta ƙarshe sai ya aiko a kira ni, ya miƙo mini wata leda mai nauyi ya ce, "Ɗana, ga tsarabarka. Na ga yaran can suna rububin wannan littafi a shago, na ce abin da ake rububi ba ya rasa amfani ga malami." Na ce, "Na gode, Kawu, Allah ya ƙara buɗi." Na tambayi kuɗinsa ya ƙi faɗa, wai tsaraba ba a tambayar farashinta, don haka ba ni da abin da zan ce a kan tsada ko araha. Sai da na koma gida na buɗe ledar na tarar da littattafai biyu manya da ƙarami ɗaya na amsoshi, kuma kusan rabin rubutun da ke cikinsu da Sinanci aka yi shi, abin da Kawu bai lura da shi ba domin bangon kawai ya duba.

Ina koyar da Turanci da yamma a wani ɗaki da ke bayan masallacin unguwarmu a Agege, kuma yawancin ɗalibaina 'ya'yan 'yan kasuwa ne masu shirin WAEC da NECO da JAMB. Yara ne da suka tashi da Hausa a gida, Yarbanci a layi, Turancin buroka a cikin danfo, sannan a makaranta a ce su rubuta Turancin littafi. Wata huɗu na yi ina gwada wannan tsaraba a kansu kafin na yarda na rubuta ra'ayina.

An shirya littafin ne domin jarrabawar shiga jami'a ta ƙasar Sin, wadda suke kira gaokao. An dawo da ita a 1977 bayan an dakatar da ita na shekaru, wato shekara guda kafin a kafa hukumar JAMB a nan Najeriya a 1978. Ana fara ta ranar 7 ga Yuni, kuma a 2024 sama da ɗalibai miliyan 13 ne suka yi rajistarta. Takardar Turanci tana da maki 150 cikin awa biyu, kuma a tsarin da larduna da yawa ke bi yanzu sashen auna fahimta shi kaɗai yana ɗauke da maki 50. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin ganin yadda marubutan suka tattara ƙarfinsu a kan karatu ba, domin kashi ɗaya cikin uku na makin yaro a takardar Turanci yana rataye ne a kan iya karanta shafi da gane abin da aka ce a cikinsa.

Littafin farko, wanda shi ne na auna fahimta, shi ya fi burge ni. Kowane darasi yana bin siffar jarrabawar kanta: nassoshi huɗu da tambayoyi 15, kowace tambaya da zaɓi huɗu. Na farko yawanci sanarwa ce ko talla, kamar jadawalin gidan tarihi ko sharuɗɗan wata gasa, na biyu labarin wani mutum ne, na uku da na huɗu kuma bayani ne a kan kimiyya ko halayyar ɗan Adam, kuma su ne masu ƙashi. A saman kowane nassi an rubuta yawan kalmominsa da mintunan da ya kamata ɗalibi ya ɓata a kansa, an kuma bar gurbin da zai rubuta mintunan da ya ɓata a zahiri. Wannan ɗan gurbi ya canza ajina fiye da yadda na zata, domin yaran da za su zauna gaban kwamfuta a JAMB su amsa tambayoyi 180 cikin awa biyu, 60 daga ciki na Turanci, ba su taɓa auna saurin karatunsu da agogo ba sai yanzu.

Amma gwanintar littafin tana cikin ƙaramin littafin amsoshi ne. Littattafan tsofaffin tambayoyi da muke saya a nan galibi harafin amsa kawai suke bayarwa, wani lokaci da layi ɗaya na bayani. Wannan kuwa yana nuna sakin layin da amsar take, ya kawo jimlar da ta tabbatar da ita, sannan ya bi sauran zaɓi ukun ɗaya bayan ɗaya ya faɗi dalilin da ya sa kowanne kuskure ne. Da Sinanci aka yi bayanin, don haka dole na riƙa ɗora kyamarar waya a kan shafi wata manhaja tana fassara mini zuwa Turanci, fassarar da takan fito a karkace har sai na karanta sau biyu ko uku. Duk da wannan wahala na fahimci cewa sun kasa tarkunan masu shirya jarrabawa kashi-kashi. Akwai zaɓin da yake gaskiya ne a duniya amma nassin bai faɗe shi ba, akwai wanda ya ɗauko kalmomin nassin daidai ya juya ma'anarsu, akwai kuma wanda ya ɗauki abin da marubuci ya ce yana faruwa wani lokaci ya mai da shi kullum. Na daɗe da sanin waɗannan tarkuna a aikace, amma ban taɓa ganin an jera su an ba kowanne suna ba.

Wata ranar Laraba, ana ruwan sama irin na Legas wanda ke hana a ji maganar juna a ƙarƙashin kwano, na rubuta wani nassi a allo game da wani tsoho mai gyaran agogo. A ciki akwai jimlar da ta ce tsohon "hardly worked" a shekarunsa na ƙarshe, kuma ɗaya daga cikin zaɓin ya ce yana aiki tuƙuru. Cikin ɗalibai goma sha ɗaya da suka zo ranar, takwas suka faɗa wannan rami. Wata yarinya da ke zama a gaba, wadda ta fi kowa ƙoƙari, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai ga kalmar nan a rubuce, aiki mai wuya yake yi." Na ce ta tashi ta ja layi a ƙarƙashin jimlar da ke biye, inda aka ce idanunsa sun raunana har ya bar shagon a hannun jikansa. Ta karanta, ta yi shiru, sannan ta ce, "Ashe da ƙyar yake aikin." Tun daga ranar na kafa doka cewa babu mai faɗin amsa sai ya nuna layin da ya samo ta, kuma daga littafin nan na aro dokar.

Akwai wani atisaye da ban taɓa gani a jarrabawoyinmu ba, kuma shi ne na fi so a duk littafin. Ana cire jimloli biyar daga cikin nassi, a kawo jimloli bakwai a ƙasa, a ce ɗalibi ya mayar da biyar mazauninsu ya bar biyun da ba su da gurbi. Ba a cin wannan da canki-canka. Dole yaro ya lura da wakilin suna da abin da yake komawa gare shi, ya lura da kalmomin da ke juya magana da waɗanda ke ƙara mata, ya gane wace jimla ce ke buɗe sakin layi wace ce kuma ke rufe shi. Bayan makonni kaɗan na ga tasirinsa a wurin da ban yi tsammani ba, wato a insha'insu, inda yaran da a da suke zuba jimloli kamar an watsa tsaba suka fara ɗaura ɗaya da ɗaya. Haka kuma akwai shafukan da ake ɗauko doguwar jimla mai rassa a warware ta, a nuna uwar jimla da 'ya'yanta, kuma wannan ya dace da buƙatar mai shirin WAEC, inda ake tambayar sunan nahawu na wani yanki na jimla da aikin da yake yi.

Littafi na biyu, na kalmomi, bai amfane mu ba sai kaɗan. Jeri ne na kalmomi kusan 3,500 da ake sa ran ɗalibin Sin ya sani kafin gaokao, an tsara su bi da bi daga harafin farko zuwa na ƙarshe, kowace da ma'anarta da Sinanci. Ga yaron Agege rabin kowane layi zane ne kawai. Na gwada rubuta ma'anonin da Hausa a gefe, na kai shafi na shida na gaji. Su kansu Sinawa suna da barkwanci a kan irin wannan jeri, wai ɗalibi yakan fara da kalmar "abandon", wadda ke nufin watsar da abu, kuma a nan yake watsar da littafin. Hadda ba baƙuwarmu ba ce, yaran nan da yawansu sun haddace izifi masu yawa a Islamiyya, amma can akwai malami mai biyawa, akwai ƙira'a, kuma kowace kalma tana zaune cikin ayarta. Kalmar da aka tsinko ita kaɗai aka ajiye a jeri ba ta daɗewa a kai. Abu ɗaya da na ɗauka daga wannan littafi shi ne babin kalmomin da ɗalibi ya saba da su amma suke da wata ma'ana ta biyu, kamar "address" da yaro ya sani a matsayin adireshi alhali a nassi tana iya nufin tunkarar matsala. Wannan babi bai fi shafi ashirin ba, kuma da shi kaɗai aka buga da ya wadatar da ni.

Dole kuma mai sha'awar littafin ya san cewa ba don jarrabawarmu aka yi shi ba. Duk tambayoyin auna fahimtarsa na zaɓi ne, alhali a WAEC ɗalibi zai rubuta amsa da hannunsa, kuma akwai sashen taƙaitawa inda zai matse dogon nassi cikin 'yan jimloli da kalmominsa, sashen da ke kayar da yaranmu kowace shekara. Babu wannan a littafin ko kaɗan, kamar yadda babu atisayen sautuka da karin murya da ake yi a takardar lafazi ta WAEC. Ɗan abin da ya kawo a kan rubutu shi ne gajeriyar wasiƙa ta kalmomi kamar 80, wadda ɗalibi ke rubutawa da sunan Li Hua, wani ƙagaggen ɗalibi da takardun gaokao suka daɗe suna amfani da shi. Yarana sun yi ta dariya suna tambayar ko wannan Li Hua ba ya gajiya da rubuta wa abokansa na ƙasashen waje wasiƙa. Insha'in WAEC kuwa kalmomi kusan 450 ake nema, don haka wanda ya saba da 80 zai tsaya a tsakiyar hanya. Wasu nassoshin cike gurbi kuma suna magana a kan al'adun Sin, kamar shayi da bukukuwa da tsofaffin gine-gine, kuma sunayen da ke ciki sukan tsayar da yara har su manta da abin da ake tambaya. Ban ɗauki wannan aibi ba, domin littafin ya yi wa masu shi magana ne a kan abin da suka sani, sai dai malami a nan yana buƙatar ya tace kafin ya kawo aji.

Ta fuskar bugu, takardar siririya ce har rubutun bayan shafi yana leƙowa, haruffan kuma ƙanana ne, ba sa karantuwa da fitilar waya idan an ɗauke wuta. Damina ɗaya ta Legas ta isa ta sa bangon ya kumbura, ɗinkin tsakiya ya saki, har na kai wa mai ɗaurin littafi a bakin tasha ya sake haɗa shi. Akwai alamar da ake ɗauka da waya domin sauraron karatun nassoshi, amma manhajar da take kaiwa gare ta ta nemi lambar wayar ƙasar Sin, don haka ban taɓa jin muryar ko da nassi ɗaya ba. Na kuma ci karo da wuri guda da harafin amsar bai dace da bayanin da ke ƙarƙashinsa ba, kuskure ɗaya tak cikin abin da na duba, wanda ya yi kaɗan ƙwarai idan aka kwatanta da wasu littattafan tsofaffin tambayoyi da ake tallarsu a bakin titi.

Ba zan shawarci uba ya sayo wa ɗansa wannan littafi ya miƙa masa ya ce je ka karanta ba, domin yaron da ba ya jin Sinanci zai rasa bayanin amsoshi, wanda shi ne mafi daraja a cikinsa, ya rage da tambayoyi kawai. Malami mai haƙurin zama da waya yana warware fassara shi ne zai ci moriyarsa, musamman mai shirya yara domin JAMB, inda zaɓi da agogo suke mulki. Ni yanzu kwana biyu a mako nake amfani da shi, sauran kwanakin kuma muna kan tsofaffin takardun WAEC domin taƙaitawa da insha'i.

Makon jiya na je Alaba na gaida Kawu, na roƙe shi idan ya koma ya nemo mini wani littafin na auna fahimta daga shagon nan, ya bar na kalmomin a inda ya gan shi. Ya ce, "Ɗana, wancan ma sai da ya ci mini kilo biyu a awon kaya na filin jirgi. Wannan karon a kwantena zai zo tare da fankoki, sai ka yi haƙurin wata biyu."