Kwas ɗin koyon rubuta manhaja da na yi a Mabera: takarda kafin kwamfuta

Idan kana Sakkwato kana neman inda za ka fara koyon rubuta manhaja daga tushe, kwas ɗin yamma da wata cibiya ke yi a Mabera ya ci kuɗinsa, sai dai ɓangaren ƙarshe kai za ka ƙarasa wa kanka.

Harshen C ake koyarwa, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a Bell Labs da ke Amurka wajen 1972. Wasu ɗalibai sun yi ta ƙorafin me ya sa ba Python ba, tunda ita ake yayi. Malamin bai biye musu ba.

Makonnin farko ko madannin kwamfuta ba mu taɓa ba. Biro da takarda kawai. Za a ce ka gano mafi girma cikin lambobi uku, ka fara jera matakan da sudokod, cikin magana irin ta mutane, sannan ka mayar da su fulocat, wato zanen matakan: siffar ƙwai a farko da ƙarshe, akwati wurin lissafi, siffar daimon wurin tambayar e ko a'a, kibiyoyi suna haɗa su. Sai malam ya zo ya ɗora yatsa a kan zanenka yana bin kibiya, can ya tsaya ya ce, "To ɗan'uwa, in biyu daga cikin lambobin daidai suke, ina kibiyarka ta nufa?" Nan za ka ga ramin da ka bari. Wannan salon shi ne abin da ya fi komai daraja a kwas ɗin, kuma ko an ɗauke wuta darasi ba ya tsayawa.

Darasin arre, wato jerin gurabun ajiye lambobi a ƙarƙashin suna ɗaya, shi ma ya yi daɗi. An ba mu makin ɗalibai biyar mu fitar da matsakaici, muka rubuta int maki[5], wato gurabu biyar na cikakkun lambobi (int). Ƙirga daga 0 yake farawa, don haka gurbin ƙarshe maki[4] ne. Malam ya sa mu kira maki[5] da gangan, kwamfuta ba ta ce uffan ba, ta fito da wata lamba marar kan gado. Ba wanda ya manta wannan.

A foyinta ne aka yi mana gudun famfalaƙi. An ce foyinta, mai riƙe adireshin inda aka ajiye abu a cikin kwamfuta, kamar kwatancen gida ne, ba gidan ba: alamar & tana ba ka adireshin, alamar * tana kai ka ga abin da ke ciki. Daga nan sai aikin musanya lambobi biyu, ba tare da an zauna an nuna cewa C kwafin lamba yake miƙa wa fankishin (guntun manhaja mai yin aiki guda) ba, shi ya sa musanyar ba ta kamawa sai da adireshi. Batun p+1, wato ƙara 1 a kan foyinta p, wanda kan tsallaka bayit 4 (ma'aunin wurin ajiya) idan int ne a yawancin kwamfutoci, a layi ɗaya aka wuce shi. Ga takardun fotokwafi sun dushe har tauraro ya koma kamar ɗigo, a darasin da tauraron shi ne komai.

Kwamfutocin ba su isa ba, sai an yi karɓa-karɓa, kuma Code::Blocks, manhajar rubuta C da gwada shi, ke kansu. Ni Cxxdroid, irinta ta waya, na sauke a wayata nake gwada ayyukan da dare. Ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko na kwalejin Umaru Ali Shinkafi da ke shirin shiga ajin kwamfuta zai amfana sosai, amma tun ranar rajista ya tambaya darasi nawa aka ware wa foyinta.