Tallafin Gidauniyar Tony Elumelu: kuɗin sun ƙare, mutanen suna nan

Sana'ata kauɗar tumatir da tattasai da attaruhu. Ina busarwa, in niƙa, in ɗura a leda mai hatimi in kai shaguna a cikin Kano. Duk wanda ya san Kadawa da Kura ya san yadda kwandon tumatir ke faɗuwa warwas idan noman rani ya nuna, har manomi ya ga gara ya bar shi a gona da ya biya kuɗin mota. Da damina kuma uwargida na neman na miya da tsada. A tsakanin nan na hango abincina.

A 2019 na samu shiga shirin Gidauniyar Tony Elumelu. Tun daga lokacin mata ke tsayar da ni a gidan biki suna tambaya: "Da gaske ana ba da dala 5,000?" Da gaske ne, kuma ba bashi ba ne. Attajirin, Tony Elumelu, wanda a shekarar da na shiga shi ne shugaban hukumar gudanarwar bankin UBA, ya kafa gidauniyar a 2010, sannan a 2015 ya ƙaddamar da shirin da alƙawarin dala miliyan 100 don tallafa wa 'yan kasuwa 10,000 a ƙasashen Afirka 54 cikin shekara goma. Ana buɗe neman shiga ranar 1 ga Janairu ta shafin TEFConnect, kuma ba a biyan ko sisi. Na jaddada wannan ne domin akwai 'yan damfara da ke tura saƙo da sunan shirin suna neman kuɗin fom. Wata maƙwabciyata ta kusa faɗawa hannunsu.

A shekararmu sama da mutum 200,000 ne suka nema. Mun yi horo na mako 12 ta intanet, aka haɗa kowa da mai ba shi shawara, muka rubuta tsarin kasuwanci. Horon ya amfane ni, musamman wajen raba kuɗin sana'a da kuɗin cefane, abin da ban taɓa yi ba a da. Kuɗin kuma, a lokacin da dala ke wajen naira 360, sun saya mini injin niƙa da na liƙe leda, na yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, na kama ɗaki na daina aiki a tsakar gida. Kafin shekara ta zagayo sun ƙare, kamar yadda jari ke ƙarewa idan an zuba shi a aiki.

Abin da bai ƙare ba shi ne mutanen, kuma saura kaɗan in yi asararsu.

Wata uku na farko ina cikin zauren WhatsApp na 'yan shekararmu amma ban ce uffan ba. Ina ganin kowa na zuba Turanci, wasu na maganar manhaja da masu zuba jari, sai na ɗauka mai kauɗar tumatir ba ta da abin faɗa a wurin. Wasu kuma talla kawai suke jefawa su wuce, wanda hakan ke gajiyar da mutum har ya rufe zauren. Abin ya sauya ne a taron da aka yi a otal ɗin Transcorp Hilton na Abuja a watan Yulin 2019. Shugabanni irin su Paul Kagame na Ruwanda da Macky Sall na Senegal sun yi magana, kuma an amfana. Amma ni ribata a layin karɓar abinci na same ta. Na ji wata mata a bayana tana waya da Hausa, na waiwaya muka gaisa, ashe daga Maraɗi take, tana sarrafa albasa. Da na faɗa mata damuwata, cewa kauɗata na yin baƙi kuma ƙura na shiga, sai ta ce: "Yaya, ai ba a ƙasa za ki shanya ba. Bari in nuna miki." Ta buɗe wayarta ta nuna mini rumfar shanya mai rufin leda da raga, wadda kafinta ya haɗa mata. Da na dawo gida na sa aka yi mini irinta. Jan tumatirina bai sake dusashewa ba.

Daga nan na gane yadda ake cin moriyar irin wannan taro. Idan kika rubuta "a taimaka mini da shawara", babu mai amsa miki, don ba wanda ya san ta ina zai kama. Ranar da na rubuta cewa ina neman wanda ya riga ya samu lambar hukumar kula da ingancin abinci da magunguna (NAFDAC) ta kayan abinci ya faɗa mini abin da ake dubawa a ɗakin aiki, kafin magariba mutum uku sun amsa. Wani bawan Allah daga Ibadan har hoton ɗakinsa ya turo mini: inda ya sa wurin wanke hannu, yadda ya raba wurin ɗanyen kaya da na gamamme. Da a ce da kaina zan lalubo, da na kashe kuɗi sau biyu.

Sai muka ware mu shida masu harkar abinci muka yi namu ƙaramin zaure. Wannan shi ne abu mafi daraja da na samu. Duk ƙarshen wata kowa na faɗin abin da ya sayar da abin da ya kashe, ba ɓoye-ɓoye. Da farko na ji nauyi, domin mu a nan ba a saba buɗe cikin sana'a ga bare ba. Amma a nan ne wata ƙanwata a sana'a ta duba lissafina ta ce: "Hajiya, ba kya sa kuɗin wahalarki, kuma ba kya sa na dako." Ashe wata da watanni ina sayar da ƙaramar leda a kan faɗuwa ina zaton riba nake ci. Mun kuma riƙa haɗa kuɗi muna yin odar leda tare daga Legas, saboda mai bugawa ba ya sauraron ƙaramin ciniki.

Lokacin kullen korona a 2020, da aka rufe Kano kasuwanni suka tsaya, su ne suka ƙarfafa mini gwiwa na fara karɓar oda ta waya ina aikawa da ɗan sahu a ranakun da aka sassauta. A ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kuma, wani daga cikinmu ne ya matsa mini na sayi na'urar POS tun kafin abin ya ta'azzara. Ni ma ban zauna ina karɓa kawai ba. Duk mai neman tattasai ko citta ko riɗi daga Arewa, ni ke shiga Dawanau ko Yankaba in tambayo masa farashi, in haɗa shi da dillalin da na yarda da amanarsa. Na lura tun da na fara haka, idan na yi tambaya ba ta kwana.

Ga mai shirin nema, zan ce ta nema, ko da Turancinta bai kai yadda take so ba. Ta samu wanda zai duba mata rubutu, amma lissafin ya zama nata, don ita za a tambaya. Idan Allah Ya sa ta dace, kada ta yi irin shirun da na yi. A makon farko ta faɗi sunan sana'arta da garinsu da abu ɗaya da ta iya wanda wani zai buƙata.

Daga cikin mu shida, biyu sun rufe sana'ar da suka shiga da ita, ɗaya ya koma aikin albashi. Har yau suna cikin zauren, kuma wanda ya koma aikin ne ke duba mana takardun haraji. Ƙawata ta Maraɗi kuwa, bana ma ta aiko mini da buhun busasshiyar albasa, na mayar mata da garin tattasai.