Na je tausa, aka fara da yi mini tambayoyi

Wata uku wuyana yana damuna. Aikina zaman kwamfuta ne tun safe har yamma, abin har ya kai idan zan waiga dama sai na juya da kafaɗa gaba ɗaya. Da man shafawa ya gaza, sai na nemi wani wurin tausa da aka ce ma'aikatansa sun yi karatun abin. A zatona ina shiga za a nuna mini gado. Fom aka miƙo mini, shafi biyu.

Gaskiya raina ya ɗan sosu. Ina ruwan mai tausa da ko an taɓa yi mini tiyata, ko ina da juna biyu, ko wane magani nake sha? Matar da ta karɓe ni ta lura da fuskata, ta yi murmushi ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ba na ɗora hannu a jikin da ban sani ba." Ta bi fom ɗin da ni layi-layi. Mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin, in aka danna shi da ƙarfi jini na iya kwanciya masa a ƙarƙashin fata. Mai ciwon suga da ya daɗe, ƙafarsa kan rage jin taɓi, ko an matsa fiye da kima ba lallai ya ankara ba. Zazzaɓi ko ƙurajen fata masu yaɗuwa kuwa, ɗage tausar ake yi kacokan. Ta auna jinina, ya nuna 128 bisa 82, ta rubuta.

Sai ta koma kan ciwon kansa. Yaushe ya fara, me ke tayar da shi, daga 0 zuwa 10 nawa zan ba shi? Na ce 6. Tambayar da ta fi nanatawa ita ce ko yana sauka hannu, ko yatsuna suna mutuwa, ko abu na suɓuce mini. Ƙasusuwan wuya bakwai ne, kuma jijiyoyin da ke kai saƙo hannu ta tsakaninsu suke fitowa. In ɗaya ta matsu, wannan aikin likita ne, ba na mai tausa ba. Ni dai ba ni da ko ɗaya daga ciki.

Abin da ya biyo baya shi ya sa na daina duba agogo. Ta tsayar da ni ta kalle ni ta baya da ta gefe, ta ce kafaɗata ta dama ta ɗara ta hagu tsayi, haɓata kuma ta yi gaba, irin ta mai leƙen allon kwamfuta. Na juya kai hagu, haɓa ta kusa kai saitin kafaɗa. Na juya dama, na tsaya a rabin hanya. Da na kwanta na saki jiki ta juya mini kan da hannunta, sai ga shi ya wuce inda na tsaya. Ta sa tafin hannu a kuncina ta ce in tura, ita kuma ta tare, nan take ciwon ya amsa. Wannan, in ji ta, ya fi nuna tsoka ce ta ɗaure, ba gaɓa ba. Ta bi saman kafaɗar da ɗan yatsa a hankali har ta tsaya kan wani ƙullutu da bai fi ƙwayar wake ba. Tana dannawa na ji zafin ya hau bayan kunnena ya zagayo gefen goshi. Ashe ciwon kan da na yi ta ɗora wa tabarau laifinsa daga nan yake tasowa.

Ina kwance na ce ta haɗa mini da sha-raɓata ta hagu, don tun da na dawo daga wata tafiyar mota ta awa tara take yi mini tsami. Hannunta ya tsaya cak. Ta taɓa wurin da bayan hannu tana jin ko da ɗumi, ta ɗauko tef ta auna kaurin ƙafafun biyu, ta ce ba za ta tausa ta ba sai likita ya gani. Dogon zama kan sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, kuma in aka murza gudan ya ɓalle, huhu yake nufa. A lokacin na ga kamar ta cika tsoro. Na dai je washegari aka yi hoton ƙafar, babu gudan jini, tsoka ce kawai ta gaji. Ban ji haushin zuwan ba.

Inda suka gaza shi ne lokaci. Awa ɗaya na kama, binciken ya cinye minti 25 daga ciki, kuma babu wanda ya faɗa mini haka sa'ad da na kira. Na biyu, wasu tambayoyin an fara yi mini su ne a wurin jira, mutane na saurare. Zancen juna biyu da magungunan da mutum ke sha ba na gaban jama'a ba ne, kuma na faɗa musu hakan kafin in fita.

Tausar kanta ba ta yi ƙarfin da na saba ji ba, tana yi tana tambayata ko zafin ya wuce 5. Ta ce in ɗaga allon kwamfutata zuwa saitin ido, in riƙa miƙewa duk bayan rabin awa. A zuwa na uku ta buɗe takardar ranar farko ta sake sa ni waigawa. Haɓata ta kusa kai kafaɗar dama, ciwon kuma na ba shi 2. Ƙullutun yana nan, amma sai ta lalubo shi sosai kafin in ji shi.