Yadda na mayar da daɓen garejina kunu a Amurka

Jama'a ku bari kawai, wannan satin na sha kunya a gaban wani tsohon Bature maƙwabcina, har yanzu in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage.

Garejin gidan da muka saya a nan Minnesota daɓensa duk ya farfashe, ya yi ramuka kamar fuskar wanda ya yi agana. Ba wai rashin siminti ba ne, sanyi ne. Lokacin hunturu gishiri suke zubawa a titi don ƙanƙara ta narke, mota ta kwaso ta shigo da shi, ruwan ya tsiyaye ya shige cikin kankare, da dare ya daskare ya kumbura, sai saman ya dinga ɓarewa. Na kira wani magini ya zo ya duba, ya iso da motarsa fes, ya auna, ya yanka min kuɗin da wallahi in na canza shi naira zan tada ɗaki ciki da falo a ƙauyenmu. Nan na tuna yadda muke yi wa birkila a gida, mutum ya wuni a rana a sunkuye, da yamma kuma a tsaya ana ja-in-ja da shi a kan ɗari biyar. Allah ya yafe mana.

Sai na ce ni zan yi da kaina, daɓe ne fa, tun muna yara muke ganin ana yi.

Akwai wani garin siminti da suke sayarwa musamman don gyaran fuskar tsohon daɓe, an haɗa shi da wani sinadari mai kama da roba don ya kama tsohon kankare, buhunsa ƙarami ne, kusan kilo 18, ba irin namu mai kilo 50 ba. Yaron shagon ya tambaye ni girman garejin na ce ƙafa 12 da 20, ya lissafa ya ce buhu 6. Ni kuma a raina na ce ka ji ɗan kasuwa, so yake ya sayar. Na ɗauki 4. A jikin buhun an rubuta ruwan da za a zuba, lita 3 da ɗan wani abu, ni ko kallo bai ishe ni ba, na yi irin namu na gida, a ƙara ruwa ya yi auki. Na kwaɓa da shebur na malala, ya kwanta sumul har na ɗau hoto na tura gida.

Bayan kwana biyu na sa tsintsiya sai ga gari yana tashi, inda man mota ya taɓa zuba kuwa ɓawo-ɓawo yake ɗagowa kamar ƙanzo. Ina tsaye tsohon nan ya leƙo, ya durƙusa ya kankara da mukullinsa, bai yi dariya ba bai yi faɗa ba, kawai ya ɗauki buhun da na yar ya juya bayansa ya miƙo min ya ce ka karanta nan? Ni da digirina biyu. Da ma zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Kuma abin da ya fi ci min rai, wannan halin daga gida na taho da shi. Komai da ido, komai a ce ai zai yi. Mai gida ya rage siminti, magini ya ƙara yashi, lebura ya ƙara ruwa, shekara ɗaya daɓe ya fashe a ce simintin yanzu ne ba shi da kyau.

Toh dole aka sake daga farko. Na je na ɗauko hayar injin goge kankare na wuni ɗaya, lasin tuƙi da katin banki kawai suka karɓa suka ba ni inji na sa a mota, babu kawo mai tsaya maka. Na sa takunkumi don ƙurar kankare tana lahanta huhu, na goge ɓarnata tas. Tsohon ya aro min injin feshin ruwansa, muka wanke man da sabulun cire maiƙo, muka cike manyan ramuka tukuna, muka toshe layukan da aka tsaga a daɓen tun asali don kar kwaɓin ya cike su. A jiƙa ƙasa amma kar ruwa ya kwanta. Ruwan kwaɓi da kofin awo, buhu ɗai-ɗai a bokiti, ni ina zubawa shi yana ja da faffaɗar robar nan mai doguwar sanda, don minti 20 ya fara kamewa. Kuma sai garin ya ɗumama, in sanyi ya yi ƙasa da digiri 10 ba a yi.

Wannan karon 7 na saya don tsoro, 6 cif suka shiga. Ɗayan na mayar da rasit, matar ta dawo min da kuɗina ko tambaya babu, ni har na shirya dogon bayani da rantsuwa.

Madam dai tun ranar injiniya take kirana.