Ƙofar Gamji, Kaduna: 'yar gadar Gwamna Lugga ce ta fanshi kuɗin shiga

Wanda zai je Ƙofar Gamji don lilo da hoton Sallah kawai ya bar rabin kuɗinsa a ƙasa. Abin da ya ba ni mamaki a lambun nan wata 'yar gadar ƙarfe ce, wadda yawancin mutane ke tsayawa a kanta su ɗauki hoto su wuce, ba tare da sun san ta girmi garin Kaduna kansa ba.

A Zungeru aka fara kafa ta a 1904, lokacin can ne hedikwatar Turawan mulkin mallaka a Arewa. Gwamna Lugga ya koma Zungeru daga Jebba a 1902, kuma gadar ita ce ke haɗa gidansa da sauran unguwar Turawa ta kan wani rafi. Da hedikwata ta dawo Kaduna a 1917, daga baya aka kwance gadar aka kawo ta nan aka sake haɗa ta, sannan a 1956 aka sa ta cikin kayan tarihin ƙasa. Abin sha'awa, Kogin Kaduna da ke wucewa ta gefen lambun shi ne dai wanda ke bi ta Zungeru, don haka gadar ba ta rabu da ruwanta ba.

Ba wata babba ba ce. Tsawonta kimanin mita 14, faɗinta bai kai mita 2 ba, mutum biyu in za su yi kiciɓis sai ɗaya ya ɗan karkata. Gangar jikinta ƙarfe, wurin takawa katako, gefe da gefe akwai madafa. Kada ka tsaya a sama kawai. Sauka ka leƙa ta ƙasa ka ga yadda aka ɗaure ƙarafan da juna gaɓa-gaɓa, nan za ka gane dalilin da ya sa ta kwantu aka ɗauko ta daga wani gari. Ƙarfen da ya haura shekara 120 yana shan damina a bakin kogi kuma har yau yana tsaye, wallahi ya cancanci a tsaya masa minti goma.

To amma a nan ne raina ya ɓaci, kuma da mu masu zuwa nake. Sai mutum ya zaro makulli ya kankare fenti don ya rubuta sunansa da na budurwarsa. Fentin nan ba ado ba ne, shi ke hana danshi taɓa ƙarfe. Ko'ina aka karce, ruwa ya samu ƙofa, tsatsa ta shiga ta ƙarƙashi tana kumbura fentin har ya ɓare. A bakin kogi kuwa iska ba ta rabo da laima, abin ya fi sauri. Haka katakon: in samari goma suka hau suna tsalle don a ɗauke su bidiyo, ƙusoshi ke sakin jiki, ruwa ya kwanta a ramin, katako ya fara ruɓewa daga ciki alhali samansa lafiya ƙalau. Ga ledar ruwa da robar lemo da ake wurgawa ƙasa. Ranar biki in ka ga wurin da yamma sai ka ce kasuwa ce ta watse.

Sunan wurin a hukumance na Janar Hassan Usman Katsina ne, gwamnan soja na Jihar Arewa daga 1966 zuwa 1967, ɗan Sarkin Katsina Usman Nagogo. Amma ka ce wa mai Keke ya kai ka Gamji, shi ya sani. Gamji kuwa kowa ya san kirarin Sardauna ne.

Kogin shi ne abu na biyu, kuma fuska biyu gare shi. Daga Disamba zuwa Maris ruwa ya ja baya, duwatsu sun fito, inuwar manyan itatuwa ta yi daɗi, ka shimfiɗa tabarma bayan la'asar ka zauna. A Agusta da Satumba kuwa wani abu ne daban: ruwa jajawur, ga gudu. Daga tsaunukan Jos yake tasowa, saboda haka yana iya ƙaruwa ko da ba a yi ɗigon ruwan sama a Kaduna ba ranar. Dutsen da yaro ya tsaya a kai da hantsi, kafin yamma ya nutse. Ko da rani ma gansakuka na sa santsi, silifas ɗin roba ba ya riƙe ƙafa. Kada a bar yara su shiga wanka, ban da haɗarin nutsewa akwai tsargiya. Babba ɗaya ga yara uku, fiye da haka ido ba zai iya ba.

Da na yi niyyar ba wurin cikakken maki, sai na tuna da cinkoson Sallah. Layin lilo ya yi tsawo, kiɗa ta ko'ina, mai hoto da mai sayar da kayan sanyi kowa da farashinsa na ranar. Ku yi ciniki kafin a danna kyamara, ku tambaya ko kuɗin na hoto ɗaya ne ko na duka, in ba haka ba rigima ce a gaban yara. Ku taho da ruwan shanku da canji.

Uku da rabi cikin biyar nake ba shi, kuma gadar ce ta ciwo ukun. A je ranar Talata ko Laraba wajen ƙarfe 4, a tattara kafin magariba, don sauron bakin kogi ba ya jiran a kira salla.