Littafin D&D na 2014 ko na 2024: wanne ya fi tausayin ɗan matakin farko?

Ɗan'uwa, ka tambayi wane littafin dokoki za ka saya na Dungeons & Dragons (D&D), wasan labarin jarumai da ake yi a tebur da dayis. Tunda ƴan teburin naku duk sababbi ne kuma daga mataki na 1 za ku fara, sayi Player's Handbook na 2024 kawai ka huta. Duka biyun ina da su, amma tsohon yanzu ƙura yake sha a kan kanta.

Matsalar mataki na 1 ai jini ce, wato yawan dukan da ɗan wasanka zai iya sha kafin ya faɗi. Matsafi yana farawa da jini 6, in ya yi sa'a da ƙarfin jiki ya kai 8, kibiyar goblin (wani ƙaramin dodo) ɗaya kuma dayis mai fuska 6 ce a ƙara 2, to kibiya biyu sun isa su kwantar da shi. A dokar 2014 in aka yi muku kwanton ɓauna kuka kasa ankara, zagayen farko gaba ɗaya ba ka motsi ba ka komai, kana zaune kana kallo ana harbinka, shi ya sa harin goblin huɗun nan na farkon labarin wasan Lost Mine of Phandelver ya yi ƙaurin suna wajen kashe sababbin shiga. A 2024 sun cire wannan, wanda aka shammata dayis biyu zai jefa na neman layin wanda zai fara wasa ya ɗauki ƙaramin, zai iya zuwa ƙarshen layi amma dai zai yi wasansa. Wannan kaɗai wallahi ya isa dalili.

Sannan kowa yanzu yana samun baiwa ɗaya tun daga farko, daga sana'ar da ya zaɓa wa ɗan wasansa, a da kuwa sai wanda ya ɗauki wani nau'in ɗan'adam na musamman ke samu. Ƙanena da bai taɓa riƙe dayis mai fuska 20 ba ya zaɓi mayaƙi manomi, manomi kuma Tough yake bayarwa, ƙarin jini 2 a kowane mataki, sai ya tashi da 14. Ya ɗauki ƙatuwar guduma mai siffar Topple, wato in ka bugi abu sai ya jefa dayis, in ya kasa ya faɗi warwas. Da muka shiga kogon Klarg, bugbear (ƙaton dodo) ɗin nan na wancan labarin da dukansa dayis biyu ne masu fuska 8 a ƙara 2, yaron nan ya maka masa guduma, ni mai jan wasan na jefa wa Klarg dayis a bainar kowa ya fito 4, ƙaton ya zube, ɓarawon tawagar ya haye kansa da wuƙa. Yaro ya miƙe tsaye yana ihu har ya kifar da kofin shayi a kan taswira, tun ranar shi ke tuna min da lokacin wasa. A tsohuwar doka mayaƙi a wannan matakin sara kawai yake yi ya jira zagaye na gaba.

Wajen magani ma sun saki hannu. Tsafin warkarwa na Cure Wounds ya tashi daga dayis ɗaya mai fuska 8 zuwa biyu, Healing Word ma an ninka, shan kwalbar magani kuma ba ya cinye maka zagaye, kana iya kurɓa ka kai sara a tare. Second Wind, wanda mayaƙi ke maido wa kansa jini da shi, sau biyu ne maimakon ɗaya. Nau'in jaruman Paladin da Ranger suna fara tsafi tun mataki na 1 ba sai 2 ba.

Na 2014 kam, to, tsafin barcinsa na Sleep ya fi ƙarfi don yana kwantar da goblin biyu ko uku ba tare da sun jefa komai ba, kuma matsafin daji Druid na reshen Moon (farin wata) yana rikiɗa ya zama beyar mai jini 34 tun mataki na 2. In akwai mai son wannan a cikinku zai yi ƙorafi, haka mai Cleric ko Warlock, don yanzu kowa sai mataki na 3 yake zaɓar reshensa. Amma maki 900 na ƙwarewa ne fa kawai ke kai ka mataki na 3, ba a daɗewa.

Ka lura dai, in ka haɗa da littafin dodanni Monster Manual na 2025 dodannin ma an ƙara musu, goblin mai yaƙi ya tashi daga jini 7 zuwa 10, don haka kar ka tara musu da yawa a daren farko.

Sai batun masu sayarwa, don akwai marasa tsoron Allah a intanet da ke ɗora hoton sabo su aiko maka tsoho, ko bugun hoto da aka ɗinke da gam wanda shafukansa ke zubewa. Bangon 2014 wani ƙato ne a cikin wuta, shafi 320. Na 2024 macijin zinare mai fukafukai ne a bayan jarumai, shafi 384. Ka ce mai sayarwar ya ɗauko maka bidiyo yana buɗa cikin littafin, kar ka tura ko sisi kafin nan. Kafin ya iso kuma akwai dokokin kyauta a shafin intanet na D&D Beyond, ku fara haɗa ƴan wasanku da su.